Waya tana kai shi ƙofar asibiti, daga nan sai ta rikice

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana a da tela ne, shekara uku ke nan hawan jinin ido ya ɗauke masa gani. Alhamdu lillahi ya koyi amfani da wayar da ke karanta masa abin da ke kanta, har taswira tana kai shi masallacin Juma'a shi kaɗai. Amma ranar ganin likita, da mun shiga cikin asibiti sai wayar ta rikice, ni ke riƙe masa hannu daga wurin yankan kati har wurin karɓar magani. Ba gajiya na yi ba, sai dai an sa ranar aurena, kuma na ga abin yana damunsa. Ya ji a rediyo wai a ƙasashen waje akwai na'urar da ke yi wa makaho jagora a cikin gini. Gaskiya ne? A ina za mu saya?

Daga ƙanwarku a Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri a auren, ya kuma saka miki da wannan zumunci.

Abin da Yaya ya ji gaskiya ne, amma ba abu ba ne da za ku saya ku sa a aljihu. Mai ginin ne zai fara yin nasa aikin kafin wayar ta yi nata.

Wayarsa lafiyarta ƙalau. Taswira tana dogara ne da GPS, wato saƙon taurarin ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a samanmu. Kafin saƙon ya iso ƙasa ya yi rauni, rufin kankare da rodi kuwa sai su ƙarasa shi. Ko a fili ma yakan yi kuskuren 'yan mitoci. A titi wannan ba matsala ba ce, amma a asibiti mita biyar ita ce tazarar ƙofar likita da bakin matakala. Sannan ba ya iya tantance a ƙasa mutum yake ko a hawa na biyu.

Shi ya sa aka nemi wasu dabaru. Ta farko, wasu 'yan na'urori ne masu batir, ba su wuce akwatin ashana ba, ana manna su a bango suna aika saƙo ta Bluetooth. Waya na jin ƙarfin saƙon sai ta ƙiyasta inda mai ita yake, ta faɗa masa a kunne ya juya hagu, akwai matakala a gaba. A 2015 an gwada wannan a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Pimlico da Euston a Landan, da wani shiri mai suna Wayfindr da matasa makafi suka sa hannu a tsara shi. Matsalarta, batir yana mutuwa, cunkoson jama'a yana tare saƙon, kuma sai an sami mai kula da su kullum. Akwai kuma GoodMaps na Amurka, wanda ake zagaye gini da na'ura a ɗauki surarsa ciki da bai, daga baya kyamarar waya ta riƙa gane inda ake.

Wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce NaviLens ta ƙasar Sifen. Takarda ce kawai mai ƙananan murabba'ai kala-kala ake liƙawa a bango ko saman ƙofa. Ba ta cin wuta, ba ta son batir. Makaho ba sai ya san inda take ba: ya ɗaga waya ya ɗan juya ta, kyamara za ta cafko alamar daga nesa, ko a karkace, ta gaya masa mene ne wurin da nisan da ke tsakaninsu. Da ita makafi ke shiga jirgin ƙasa da motocin safa a Basalona. A ƙasar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, irin wannan ce nake ganin za ta fi ɗorewa. Amma ita ma sai hukumar asibiti ta yi rajista ta liƙa.

To kafin nan fa? Ga abin da na gani da idona. Ina da aboki malamin makaranta, makaho tun yana yaro. Wata rana na raka shi wani ofishi, na miƙa hannu zan ja shi, ya ce in bari. Ya kama gefen bango da farar sandarsa yana lissafa ƙofofi a hankali. Da muka kai inda tayil ya ƙare siminti ya fara, ƙarar sandar ta canza, sai ya ce, "Mun iso kwanar." Ya karkata dama, ya bi ƙarar wata tsohuwar fanka har teburin da yake nema. Sau biyu kacal aka taɓa zagayawa da shi wurin. Wannan ilimi ne da ake koyarwa, kuma wanda ya makance da girma irin Yaya ya fi kowa bukatarsa. Ku nemi reshen Ƙungiyar Makafi ta Nijeriya na jiharku ko makarantar masu bukata ta musamman, a haɗa shi da mai koyar da tafiya da sanda.

Ke kuma, kafin biki, ki ware yammaci biyu ko uku lokacin da asibiti ba cunkoso. Ki bi bayansa maimakon gabansa. Ya ƙirga ƙofofi, ya lura da gangara, warin magani, ƙarar janareta. Ya naɗi bayanin da muryarsa a waya: daga ƙofar shiga, ƙofa ta huɗu a hagu ita ce ta kati. Wannan taswirar da Hausa take, alhali galibin manhajojin nan Turanci suke yi.

Waya za ta cike sauran. Lookout ta Google da Seeing AI ta Microsoft kyauta ne, suna karanta rubutun jikin ƙofa da na kwalin magani. Be My Eyes, wadda ta fito daga Denmak a 2015, tana haɗa makaho da ɗan sa-kai ta kiran bidiyo ya duba masa gabansa. Ke ma daga ɗakinki za ki iya yi masa haka ta WhatsApp. Sai dai ya sa abin sauraro a kunne ɗaya kawai, ɗayan ya bar shi a buɗe, domin da kunne yake jin mai tahowa da gadon marasa lafiya.

Ku kuma rubuta wa shugabannin asibitin. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara yadda kowa zai iya shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ku nemi ƙananan abubuwa tukuna: lambar ɗaki mai tudu da hannu zai shafa, a rufe kwatoci, a riƙa kiran layi da murya, a kwashe bencinan da ke tare hanya.

Tambaya: Malam, an nuna mini sanda mai na'ura da ke girgiza in ta hango abu. In saya wa mahaifina ya ajiye tsohuwar?

Daga wani ɗalibi a Maraɗi

Amsa: Irin su WeWALK ta Turkiyya suna jin abin da ke daidai ƙirji da kai, kamar buɗaɗɗiyar taga ko reshen bishiya, wanda sanda ba ta taɓawa. Rami da matakala kuwa har yanzu bakin sandar ne ke gano su. Tana da tsada, tana son caji, in ta lalace mai gyara zai yi wuyar samu. In Baba ya saba da tasa, ka saya masa farar sanda mai naɗewa da 'yan bakuna na canji, ragowar kuɗin ka sa masa data.