Aikin banki, sana'a da ƙungiyar marayu: wanne zan ajiye?

TAMBAYA: Salam Anti, don Allah a ba ni shawara. Ina aiki a wani banki a Kaduna, bakwai na safe nake fita wani lokacin sai bayan isha'i nake shigowa, sannan ina saro atamfa da leshi daga Kantin Kwari ina tallatawa a WhatsApp, ga kuma 'yar ƙungiya da muka kafa da ƙawayena muna biya wa marayu kuɗin makaranta muna kai abinci asibiti duk Asabar. Gudummawar duk akawun ɗina take shigowa. Yanzu oga ya fara min magana kan danna waya a ofis, maigida kuma ya ce ya gaji da cin girkin 'yar aiki. Wanne zan bari? Maman Ilham, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya karɓi aikin ya sa a mizani. Ba sai kin bar ko ɗaya ba tukuna, amma akwai abin da ya fi ɗaga min hankali fiye da ogan da maigidan, wato kuɗin marayun nan da ke kwana a akawun ɗinki. Albashi ya shigo, kuɗin turmi biyu ya shigo, wata baiwar Allah ta turo dubu biyar ta ce a saya wa yara littafi, duk wuri ɗaya, wata rana za ki tura wa mai kaya kuɗi a Kwari da haƙƙin maraya a ciki ba ki ma sani ba, kuma ranar da wata ta ce a kawo lissafi ba ki da abin nunawa sai rantsuwa. Ku je CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku yi wa ƙungiyar rajista da amintattunta kamar yadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada, ku nemi takardar SCUML (sashen hukumar EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram) da bankuna ke tambaya, a buɗe asusu da sunan ƙungiya, kuɗi ba ya fita sai mutum biyu sun sa hannu. Ƙarshen wata a ɗora rasit ɗin makaranta a group kowa ya gani. Masu bayarwa ma sun fi sakin hannu in suna ganin haka.

Oganki kuma gaskiya yana da hujja, lokacin ofis an riga an biya ki shi. Ki ɗauko takardar ɗaukar aikinki ki sake karantawa, bankuna da yawa suna so ma'aikaci ya sanar da su in yana da wata harka a gefe, gara ki faɗa da bakinki kafin a ji a wani wuri. Da a ce aikin gwamnati kike, kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci in ba noma ba. Kuma kar ki kuskura ki ɗauki lambar kwastoman banki ki tura masa hoton leshi.

Sana'ar ki nemi ƙanwa ko 'yar 'yar'uwa mai amana, ki saya mata waya daban da layin kasuwa, ki yanka mata wani abu a kan kowane turmi da ta sayar, ke naki sari sau ɗaya a wata da duba littafi daren Juma'a. Af, in jarin ya kai nisabi, wato ƙimar giram 85 na zinare, ya kuma shekara, zakka ta hau kansa, biyu da rabi cikin ɗari, sadakar da kike yi ba ta ɗauke miki ita.

Asibiti ku raba zuwa tsakaninku, ba dole kowace Asabar sai da ke ba. Ki zauna da maigida ku tsayar da ranakun da girki naki ne, ko da Lahadi da wani dare guda ne a mako, ki kuma nuna masa lissafin ƙungiyar ya san inda lokacinki ke tafiya. Ki gwada wannan wata uku, in har yanzu nauyin ya fi ƙarfinki to sana'ar za ki rage, ki sake rubuto min mu duba yadda za a yi da kayan da suka rage a hannu.