Ki sayi na ɓera, amma ki duba takardarsa tukuna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina aikin digiri na biyu a jami'ar KNUST da ke Kumasi, kina neman enzayim MMP-9 (furotin da ke yanka wasu furotin da ke kewaye da ƙwayoyin jiki) na ɓera irin wanda ake haɗawa a lab, kin kuma ga na mutum ya fi araha, kina tambaya ko zai yi miki.

Tunda samfuranki na ɓera ne, ki sayi na ɓera. Kamanninsu ba ya nufin abu ɗaya ne. Antibodi (furotin da ake gano enzayim ɗin da shi) ko maganin da ke toshe na mutum yana iya kasa kama na ɓera yadda ya kamata. Wani lokacin ma babu takwara kai tsaye: ɓera yana da enzayim caspase-11, mutum kuwa caspase-4 da caspase-5 gare shi. Ranar kare aiki malamai za su tambaye ki wannan, araha ba za ta amsa miki ba.

Kafin ki biya ko sidi ɗaya, ki nemi takardar bayanin kayan ki ga a cikin me aka haɗa shi. Wanda aka haɗa a bakteriyar E. coli ya fi sauƙin kuɗi, sai dai wannan ƙwayar ba ta ɗora wa furotin sukarin da ƙwayoyin dabba ke ɗorawa, MMP-9 kuwa yana ɗauke da sukari da yawa. Ni na fi son wanda aka yi a ƙwayoyin HEK293 (na mutum) ko NS0 (na ɓera). In za ki zuba shi kan ƙwayoyin garkuwar jiki na makrofej, ki duba adadin endotoksin, wato gubar bakteriya, ya zama ƙasa da EU 1 (ma'aunin endotoksin) a kowane maikrogram, in ba haka ba dattin ne zai tayar da ƙwayoyin, ki ɗauka enzayim ne. Tsabta kashi 95 ba shaidar aiki ba ce. Takarda ta nuna an auna ƙarfinsa.

Abin da ke sa ɗalibai kuka: yawanci MMP-9 a kulle yake zuwa, sai an buɗe shi da sinadarin APMA a zafin digiri 37 na Salshiyas kafin ya yi aiki. Na sha ganin an zubar da mai kyau ana cewa ya mutu.

Sai hanya, wadda a nan Gana ita ce babbar matsala. In a busasshiyar ƙanƙara zai zo, ki gama takardun fitar da kaya daga kwastan tun bai sauka a Akara ba, a kuma guji saukarsa ranar Juma'a. Na taɓa karɓar akwati ƙanƙarar ta tashi duka, 'yar kwalbar tana yawo cikin soso, ɗumi kamar shayin da aka manta. Ga kuma tafiyar Kumasi a gaba.

Da ya iso, ki juya kwalbar a santirifuj, na'urar juyawa da sauri, kafin ki buɗe, don ɗigon yakan maƙale a murfi. Ki raba shi kaɗan-kaɗan a ƙananan tub, ki ajiye a firiza mai maki 80 ƙasa da sifili wadda ke kan janareta, saboda dumsor, wato ɗauke wutar lantarki. Wanda ya narke sau ɗaya, ki yi aiki da shi ranar, kada ya koma.