Tambaya da Amsa: Fitilar maƙwabci ta hana mu barci

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah shawara nake nema, maƙwabcinmu ne ya kafa wata ƙatuwar fitilar sola a kan katangarsa tun da ɓarayi suka shiga masa, to matsalar ita ce tagar ɗakinmu take kallo, dare ya koma kamar rana tsaka, yara sai su kai sha biyu suna juye-juye, ni ma barcin rabi da rabi nake yi, har zakaranmu ya rikice ƙarfe biyun dare yake cara. Maigida ya ce raki ne kawai, wai mu da muke kukan rashin wuta mu ne za mu yi kukan haske? Da gaske haske na da illa ko ni ce dai?
Wata uwa daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. A gaida maigida, amma wannan karon kam ke ce da gaskiya, ba raki ba ne.

Akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi, sunansa melatonin, shi ke sanar da jiki cewa lokacin kwanciya ya yi. To idan haske na shiga ido sai jikin ya ɗauka da sauran rana, ya rage sakinsa, kuma farin hasken nan mai ratsin shuɗi na fitilun LED, wanda yawancin na sola irinsa ne, ya fi mai ruwan ɗorawa yin wannan ɓarnar, shi ya sa yaranki ke juye-juye, shi ma zakaran bawan Allah ba laifinsa ba ne.

Kuma ba ke kaɗai ba ce fa. A 2016 masana sun fitar da taswirar hasken dare ta duniya, suka gano sama da kashi 80 cikin 100 na mutane suna zaune ne a inda hasken fitilu ya dusashe sama, kashi ɗaya cikin uku kuma ba sa iya ganin farin zanen taurarin nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama. Chadi na cikin ƙasashen da samansu ya fi tsabta a taswirar, Singafo ce ta fi kowa lalacewa. Ni da muna yara a ƙauye kakata ke nuna mana Kaza da 'Ya'yanta muna kwance a tabarma, yanzu ki tambayi yaron birni, in ya gane Zara ma ya yi ƙoƙari. Ki lura da shinge ranar ruwan farko yadda suke zagaya ƙwan fitila har su zube, haka ƙwari da tsuntsaye masu tafiyar dare ke halaka. Faransa ma tun 2013 ta sa dokar kashe fitilun shaguna daga ƙarfe ɗayan dare.

Amma kar ki ce wa maƙwabcin ya kashe fitilar, mutumin da aka yi wa sata ba zai saurare ki ba kuma ina ganin uzurinsa. Laifin ba na fitilar ba ne, na inda aka juya fuskarta ne. Hasken da ke dukan tagarki ba gadin gidansa yake ba, asara ce kawai, batirin ma ya ƙare kafin asuba, sannan idan fitila ta cika ƙarfi kashe ido take yi, gefenta ya yi baƙi ƙirin ɓarawo ya samu wurin laɓewa.

Maigida ya kamata ya same shi, bayan sallar isha'i haka, cikin raha, in da hali ya shigo da shi ya ga ɗakin da idonsa, sau da yawa masu fitilar ba su ma san abin da take yi ba. A sunkuyar da kanta ƙasa, ko mai walda ya yi mata 'yar rumfa da guntun kwano. Da yawan irin fitilun nan suna zuwa da rimot, ana rage hasken ko a sa ta kunna kanta sai ta ji motsi, wannan ma ya fi razana ɓarawo. Kafin nan ki sa labule mai kauri, kuma a karɓe waya daga hannun yaran in an yi isha'i, don ita ma irin hasken gare ta.