Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ruwa Ke Sanyi In An Zuba Masa Takin Yuriya?

Tambaya: Malamai, barkanku da aiki. An koya mana cewa duk sauyin sinadarai da ke faruwa da kansa zafi yake fitarwa. Amma in mahaifina ya jiƙa takin yuriya a bokiti, ruwan sanyi yake yi, kuma takin yana narkewa ba a ɗora shi a wuta ba. Yaya ke nan?
Ɗalibar aji uku na babbar sakandare, Mabera

Amsa: 'Yarmu, abin da kika gani daidai ne, ƙa'idar ce aka ba ku rabinta. Abu biyu ke yanke hukunci. Na farko entalpi, ΔH, wato zafin da sauyin ya fitar ko ya sha. Na biyu enturofi, ΔS, wato yadda ƙwayoyin abu da makamashinsu ke bazuwa. Buhun gero in ya fashe, tsabar kan watsu, ba ta komawa buhu da kanta. Haka ƙwayoyin yuriya da ke jere a cikin tsaba suke bazuwa cikin ruwa.

Masanin Amurka Josiah Willard Gibbs ne ya shimfiɗa wannan lissafi a shekarun 1870. Yau ana rubuta shi ΔG = ΔH − TΔS, inda ΔG ke nufin sauyin makamashin Gibbs, wato abin da ya rage in an cire TΔS daga ΔH, T kuma zafin wurin a ma'aunin Kelbin, wato digiri a ƙara masa 273. In ΔG ya faɗi ƙasa da sifili, sauyin zai iya tafiya da kansa. Yuriya tana shan kimanin kilojul 15 a kan kowane mol (ma'aunin yawan ƙwayoyin abu), wanda a yuriya giram 60 ne, kuma daga jikin ruwan take zuƙar wannan zafi. Zuba giram 60 a lita ɗaya, zafin ruwan zai sauka da kimanin digiri 3 da rabi. Amma bazuwar ta rinjayi zafin da aka sha, shi ya sa narkewar ke ci gaba.

Ki gwada da ƙanƙara, don alƙalumanta sun fi sauƙi: a kan kowane mol, ΔH kilojul 6.01, ΔS jul 22 a kowane Kelbin (jul 1,000 ne kilojul ɗaya). A ranar bazara ta Sakkwato mai digiri 42, T ya zama 315, TΔS ya zama kilojul 6.93, ΔG kuwa −0.92. Dole ta narke. A Kelbin 273 ɓangarorin biyu suna yin kunnen doki, shi ne digiri sifili da kowa ya sani.

Kada kuma ki ɗauka abin da zai iya faruwa da kansa yana da sauri. Ƙonewar fetur ΔG ɗinta ƙasa yake da sifili ƙwarai, amma fetur na zaune a jarka sai tartsatsi ya taɓa shi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Me ya sa sai an ƙona dutsen farar ƙasa da wuta mai tsanani kafin a sami siminti a Kalambaina?
Mai sayar da kayan gini, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Dutsen sinadarin CaCO3 ne. Giram 100 nasa kan rabu ya ba da giram 56 na ƙonanniyar farar ƙasa da giram 44 na iskar CO2. Rabuwar tana shan kilojul 178, ΔS ɗinta jul 161 a kowane Kelbin, wato kilojul 0.161. A digiri 25, ΔG yana kusan +130, don haka dutsen zai zauna a ƙasa har abada bai rabu ba. Sai T ya kai 178 a raba da 0.161, kimanin Kelbin 1,100 ko digiri 830, sannan lissafin ke juyawa. A aikace akan kai wajen digiri 900 don aikin ya yi sauri, ana kuma janye iskar kada ta taru ta tare hanya. Daga nan murhun ke hawa zuwa kusan digiri 1,450 don ƙwallayen siminti su haɗu.

Ɗalibai su lura: a nan ake yawan faɗuwa jarrabawa, ta hanyar haɗa jul da kilojul ba a raba da 1,000 ba, ko manta ƙara 273.

Tambaya: Ina haɗa ruwan NaOH, wato soda, mai ƙarfin mol 0.1 a lita don gwajin ɗalibai, amma kullum sakamakon yana saɓa wa lissafi. Ina matsalar take?
Malamin kimiyya, Wurno

Amsa: Malam, lissafin kwalba mai mililita 250 shi ne 0.1 × 0.25 × 40, wato giram 1.0, tun da mol ɗaya na NaOH giram 40 ne. Matsalar farko ke nan: in sikelinka yana tsalle da giram 0.1, kuskurenka zai iya kai kashi 10 cikin 100 tun ba ka taɓa ruwa ba. Shawararmu, ka auna giram 40 ka haɗa lita ɗaya mai ƙarfin mol 1, sannan ka ɗebi mililita 25 ka cika zuwa 250.

Ita sodar kanta ba ta da haƙuri. Tana zuƙar laima da CO2 daga iska, musamman da damina, sai ka auna ruwa kana zaton soda ce. Ka auna da hanzari a cikin bika, ban da takarda, ka rufe gwangwanin nan take. Ka sa safar hannu da tabarau, tana cin fata.

Narka ta a ɗan tataccen ruwa, ba na rijiya ko burtsatse ba, don ma'adinan ciki kan sa haɗin ya yi hazo. Saɓanin yuriya, soda zafi take fitarwa, saboda haka ka bari ta huce. Juye a kwalbar awo mai dogon wuya, ɗauraye bikar sau uku kana zubawa ciki, sannan ka cika har ƙasan lanƙwasar ruwan ya zauna a kan layi, idonka daidai da shi. Lita ɗaya jimillar haɗin ce, ba ruwan da ka zuba kaɗai ba. Toshe, ka kifa kwalbar ka miƙe kamar sau 15.

Akwai kuma zafin garinmu. Yawancin kwalaben an daidaita su ne a digiri 20, ruwa kuma a digiri 40 yana kumbura da kusan kashi 0.6 cikin 100, don haka ka yi haɗin da sassafe. Ka ajiye a robar da ke rufuwa sosai, kuma kafin ka raba wa ɗalibai ka gwada shi da asid ɗin da ka tabbatar da ƙarfinsa, ka rubuta adadin da ka samu a jikin robar tare da kwanan wata.