Tambaya da Amsa: In karanta CHEW ko in jira jami'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Dan Allah shawara nake nema, nayi JAMB ina neman nas ban samu ba, yanzu Baba yace in haƙura in shiga wata sabuwar makarantar kiwon lafiya ta kuɗi da aka buɗe kusa damu in karanta CHEW, wato kwas ɗin ma'aikatan lafiya na matakin farko, ƙawayena kuma sunce gara in jira inyi digirin lafiyar al'umma (Public Health) tunda duk abu ɗaya ne. Wallahi kaina ya kulle. Daga wata 'yar uwa a Funtua.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ba abu ɗaya bane fa, ƙawayenki basu gane ba. Mai digirin lafiyar al'umma aikinshi bibiyar annoba ne da ƙididdiga da tsare-tsare a ma'aikata ko ƙungiyoyi, digirin shi kaɗai baya bashi lasisin duba mara lafiya. Ita kuwa CHEW difloma ce ta shekara 3, ƙaramar wato JCHEW shekara 2, in kin gama kinci jarabawar hukuma za'a baki lasisi, ki zauna a asibitin sha-ka-tafi kiyi awon ciki da rigakafin yara, ki duba zazzaɓin cizon sauro da gudawa bisa littafin ƙa'idar aiki da za'a koya miki, abinda yafi ƙarfinki ki tura babban asibiti. Tun 2014 ma gwamnatin tarayya ta fito da tsarin da ya yarda CHEW da ta samu horo ta karɓi haihuwa, saboda ƙarancin ungozoma a karkara.

Shi yasa raina ke ɓaci in naji ana cewa karatun wanda ya rasa nas ne. Kije ƙauye ki gani, sau da yawa ita kaɗai ce ma'aikaciyar lafiyar da mai naƙuda zata iya kaiwa gareta cikin dare, kuma da yawan matanmu basa sakewa sai a hannun mace 'yar uwarsu mai jin yarensu. Dan haka ni dai ina bayan Baba akan kwas ɗin. Kuma hanya bata toshe ba, daga baya zaki iya ƙaro CHO, wato matakin da ke gaba da CHEW, a asibitin koyarwa ko ki nemi digirin.

Inda nake jin tsoro shine makarantar. Kafin Baba ya biya ko sisi kuje tare ku tambaya ko hukumar CHPRBN, mai yiwa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista tun dokar 1992, ta amince musu da wannan kwas ɗin, ba wai kawai suce muku "muna da rajista" ba, a nuna muku takarda. Ku tambayi ɗalibai nawa aka basu izinin ɗauka, domin wasu sai su ɗibi fiye da kasonsu dan kuɗi, yarinya tayi shekara 3 tana wahala da firaktikal sannan a gano ba'a taɓa shigar da sunanta a hukuma ba, babu jarabawa babu lasisi. Ki samu 'yan ajin ƙarshe ki tambayesu a gefe ko anyi musu indeksin, wato shigar da sunansu a hukumar, su zasu faɗa miki gaskiya.

In amsar bata gamsheki ba, ga makarantun gwamnatin jiharku a Kankia da Daura, ga ta Shehu Idris a Maƙarfi ba nisa daku. Ki duba sakamakonki tun yanzu, ana neman kiredit 5 ne, Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, in akwai wanda ya faɗi ki gyara shi kafin fom ya fito.