Baba Ya Ajiye Maganin Hawan Jini Ya Koma Shan Goruba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da hawan jini, an ɗora shi kan ƙwayar da yake sha kullum. Tun da wani ya turo masa murya a WhatsApp cewa goruba na kashe ciwon daga tushe, sai ya ajiye maganin ya koma shan jiƙon goruba safe da yamma. Wata biyu ke nan, kuma ya ce garau yake jin jikinsa. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Kina da gaskiya da hankalinki ya ƙi kwanciya. Kafin komai, a kai Baba a auna shi cikin wannan makon, kada a jira sai ya ji ciwo.

Goruba abinci ce, ba mai musun wannan. Itacen kwari ne da bakin korama, inda ruwa bai yi nisa a ƙasa ba. Ana gaigayar ta, ana daka ɓawon a yi gari a dama kunu, yara kuma su fasa ɗanyar su ci ƙwalshi. Tana da harza mai taimaka wa bayan gida, tana da sinadarin fotashiyam. Baba ya ci gaba da shan abinsa, a dai jiƙa da tafasasshen ruwa, a bar zuba sukari, a kuma zubar da garin da ya yi fumfuna. Mai ciwon suga ya rage, don zaƙin nan nata sukari ne. Mai ciwon ƙoda kuwa sai ya tambayi likitansa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan magana ta "garau nake ji". Kullum sai na ji ta. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya yawo da tansiyo 18 ko 20, wato awon jini 180 ko 200, yana zuwa kasuwa, yana sallah a tsaye, ba ciwon kai ba jiri, alhali jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya suna ta jin jiki. Awon da ya kai 14 bisa 9, wato 140 bisa 90, ya riga ya shiga layin hawan jini. Ƙwayar ba ta warkar da ciwon, danne shi take yi, kuma ana daina ta jinin zai sake hawa. To a ranar da za a kawo dattijo baki a karkace, hannu ɗaya ya saki, harshe ya yi nauyi, sai ki ji ana cewa iska ce ta buge shi. Wace iska? Magani ya ajiye.

Su kuwa masu lasifika a ranar Alhamis ta kasuwa, da masu tura murya a waya, ko na'urar awo ba su taɓa ɗaura wa kowa ba. Garin goruba ɗaya a leda, shi ne na hawan jini, shi ne na basir, shi ne na ƙarfin maza. Idan mutum ya faɗi, ba su za su yi jinyarsa ba, ku ne za ku riƙa juya shi kan tabarma shekara da shekaru. Na san kuɗin magani na da nauyi, kuma sau da yawa shi ne ainihin dalilin ajiyewar, amma a faɗa wa likita, akwai ƙwayoyi masu sauƙin kuɗi da ke aiki.

In da gaske abinci ake so ya taimaka, tukunyar miya za a duba. Gishirin yini duka kada ya kai gram 5, kusan cikin ƙaramin cokali ɗaya. Ɗanɗanon miya na dunƙule gishiri ne, kanwa ma ƴar gidansu ce.

Ki bi shi da ladabi, kada ki ce masa ya yi kuskure. Ki ce, "Baba, mu je a auna mu ga aikin gorubar." Ku tafi da kwalin tsohon maganin, likita ne zai faɗi yadda za a koma kansa. Idan kuwa kin ga bakinsa ya karkace ko magana ta sarƙe masa, ko da tsakar dare ne, a wuce da shi babban asibiti nan take.