Amsar Baffa ga Sabon Firinsifal

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, Allah ya taya ka riƙo. Ka ce cikin malaman da aka damƙa maka akwai sa'o'in mahaifinka, har da wanda ya koyar da kai, kana tambaya ko al'adarmu ta yarda ka leƙa ajinsu ko ka yi musu maganar makara.

Ta yarda mana. Dubi sarauta: idan aka naɗa saurayi dagaci, dattawan da suka ga haihuwarsa sukan zube su kwashi gaisuwa, don rawanin suke girmamawa. Shi kuma, in mai hankali ne, ba ya kiran sunansu gatsal, ba ya yanke magana sai ya ji ta bakinsu. Abin da al'ada ta hana shi ne tozarta babba a gaban yara. Ba ta ce a zuba ido aiki ya lalace saboda kunya ba.

Yi wannan lissafin kafin nauyin baki ya kama ka. Firiyod minti 40 ce. Malamin lissafi mai shiga aji sau biyar a mako, in yana makarar minti 10 kullum, ya ci minti 50 a mako. A mako 12 na koyarwa ya ci minti 600, wato firiyod 15, darasin mako uku cur a zango guda. Yaran da ake nema musu kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi, su ne za su biya bashin.

To ka riga kowa isowa. Layin jan biro a littafin sa hannun malamai, wanda ke nuna waɗanda suka makara, ka ja shi a lokaci ɗaya kullum, ya hau kan kowa har da kai. Ranar Litinin ka karɓi lesin not, wato rubutaccen shirin darasin kowane malami, amma kada kyawun rubutu ya ruɗe ka. Ɗauko littattafan yara uku daga bencin baya, ka gwada da abin da aka cike a dayari, littafin da malami ke rubuta abin da ya koyar. Nan za ka ga ko an koyar ko an rubuta kawai.

Shiga ajin dattijo kuwa yana da ladabinsa. Faɗa masa tun jiya. Yi sallama, zauna a baya, kada ka ce uffan ko da ya yi kuskure a allo. Kada ka aiki ɗalibi ya kira shi ofis. Kai ka same shi, ko bayan sallar azahar, ku keɓe. Fara da abin da ya yi daidai, sannan gyara ɗaya tak. In bai canza ba, tura masa sa'ansa da yake jin nauyi, ko wani dattijo daga kwamitin kula da makaranta. Takardar tuhuma sai waɗannan sun gaza, kuma in ta kama, a rubuta.

Shugaba mai tsawa malamai sukan koyi faranta masa da takarda: rajista tsaf, aji fanko, kuma ran jarrabawa a taimaka wa yara satar amsa don a tsira daga faɗansa. Mai sanyin hali kuma, da zarar matasan malamai sun ga ana ɗaga wa manya ƙafa, sai su bi sahu. Ni na fi jin tsoron na biyun, don ɓarnarsa ba ta da ƙara.

Ka ba dattawan nan abin riƙo: shugabancin sashe, kwamitin tarbiyya, ko ka haɗa kowanne da sabon malami mai NCE ko ɗan hidimar ƙasa ya goya shi. Sannan ku tsara jadawali tare, lissafi da Turanci su zo da safe, kada su faɗa firiyod ta ƙarshe ran Juma'a ko ran kasuwar garin, lokacin da benci ke raguwa.

Ka gaida iyali.